Ɗinkin Kujera a Wuyan Suwaita

"Wallahi, Auta, in dai ni na haife ki, ba za ki auri mutumin nan ba."

Da wannan Mama ta karya min kumallo ranar Asabar, tun shayina bai huce ba.

Ko kallona ba ta yi ba. Tana zaune gaban hita, ta rufe ƙafafu da bargo, tana juya wani ƙullin ulu ruwan toka a cinyarta. Sanyin da aka tashi da shi ranar kuwa ba a magana. Ruwan famfo kamar ya yanke maka yatsa, gilashin taga ya yi gumi, in ka buɗe baki sai hayaƙi ya riga maganar fita.

"Mama, me ya yi miki?"

"Bai yi min komai ba. Na ji an ce mutumin kirki ne. Amma namijin da matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu, ba mata yake nema ba, mai reno yake nema. Yau da la'asar Kawunki zai zo jin ta bakina, kuma kin san wanda zan faɗa masa."

Na sani mana. Mai Kanti, ɗan aminiyarta, mai mota da turare da takalmin da bai taɓa sanin laka ba. Ba shi da laifin komai, bawan Allah. Kawai dai in yana magana ni barci nake ji.

Wanda nake so kuwa Mai Kujeru ne, mai ɗinkin kujerun mota a bakin titinmu. Bara war haka ya shigo shagonmu na saƙa, yarinya a hannun dama, yaro a kafaɗa, ya ce a yi musu suwaita. Ni na auna su, ni na saƙa. Tun daga nan zaren bai tsinke ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ulun nan na cinyar Mama. Kayan masu saye duk a inji muke yin su. Allurar hannunta kuwa ta 'yan gida ce kaɗai, kuma tun rasuwar Baba ba ta sake ɗora tef ɗin awo a kafaɗar wani namiji ba. Ƙulli shida ta saya ta ajiye, ta ce na surukinta ne. Ko ba a faɗa ba, na san a jikin wa ta yi lissafin.

Na durƙusa na riƙe gwiwarta.

"Mama, don Allah ki saurare ni. Ba yarinya ba ce ni. Shekara ashirin da takwas fa. Na san abin da nake so."

"Ni ma na san abin da nake so lokacin da na shigo gidan nan." Ta daina juya ƙullin ulun. "Yayyenki uku na tarar, ƙaramin yana rarrafe. Ubanki, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne shi ma. Amma ranar da na shigo, ranar ya sauke kayansa a kaina ya karkaɗe hannu. Har ya koma ga Allah bai san lambar takalmin ɗansa ko ɗaya ba. Lokacin sanyi irin wannan ni ce tari, ni ce mura, ni ce wankin zanin gado da ruwa mai kamar ƙanƙara. Ban taɓa zama amarya ba, Auta. Ko na kwana ɗaya."

Hawaye ya zubo mata. Nawa dama kiris suke jira.

"Shi ba haka yake ba, Mama."

"Duk haka muke cewa. Tashi ki buɗe shago. Kuma kar in kuskura in ga ƙafarsa a ƙofar gidana."

Na fita ina sharar ido da bakin mayafi, iska tana tsaga min fuska.

*

Na yi niyyar in wuce shagonsa ba tare da na waiwaya ba. Allah ya sani na yi niyya. Tari ne ya tsayar da ni, ɗan ƙaramin tari mai ƙara kamar ana buga gwangwani.

Shagon nasa ba shi da ƙofa ta kirki, rumfa ce mai bango uku. Kujerun wata bas guda goma sha huɗu a jere, an feɗe su, warin gam ya cika ko'ina. A can lungu, cikin wata kujerar da aka cire wa fata, yaransa ne zaune an naɗe su da soso har wuya.

Babbar, shekararta biyar, Rediyo ake ce mata, don in ta kama magana babu maɓallin kashewa. Ƙaramin shekara uku, Ƙwallo, saboda in aka jibga masa kayan sanyi gangarawa kawai ya rage.

"Anti!" Rediyo ta ƙwala. "Baba ya mayar da mu kujera!"

Mai Kujeru ya ɗago daga kan keken ɗinkinsa, allura a baki. Da ya gan ni sai ya cire ta, ya yi wannan murmushin da ke sa in manta da abin da na zo faɗa.

"Ranki ya daɗe. Kuka kika yi?"

"Iska ce. Me yaran nan suke yi a nan cikin wannan sanyi?"

"Maƙwabciyar da ke riƙe min su mura ta kwantar da ita. Mai bas kuma yau yake son kujerunsa. Na kunna musu ɗan gawayi, sai na ga da gam a wurin, na kashe."

Ƙwallo ya sake yin tarin. Hancinsa ya yi ja, leɓensa ya tsage.

"Ba ni su," na ce.

"Ina za ki kai su? Shagonku ai ya fi nan sanyi."

"Gida."

Ya san abin da ake ciki sarai, ya san yau Kawu zai zo.

"Auta, kar ki ja wa kanki. Na fi son in rasa kujerun nan da in sa Mama ta yi fushi da ke."

"Ƙafarka ta ce kar ta gani. Ba ta ambaci tasu ba."

Na saɓa Ƙwallo a kafaɗa, na ja hannun Rediyo. Wani irin daɗi yake ɗibata, irin na wanda ya riga ya faɗa ruwa ya huta da tsoron jiƙewa. Har muka iso Rediyo tana ƙirga min hayaƙin bakinta.

A bakin ƙofa na tsaya na gyara mayafi. Na yi sallama da murya kamar ta sauro.

*

Mama ta dube ni, ta dubi yaran, ta sake dubana.

"Auta, kin haukace?"

Kafin in haɗa kalma biyu Rediyo ta tuɓe takalmi, ta wuce kai tsaye ta durƙusa.

"Ina kwana, Kaka. Ke ce mai saƙa babba? Anti ta ce kin fi ta iyawa. Wannan hita ce? Tamu ta lalace, Baba ya gyara ta da waya, yanzu tana kuka kamar kyanwa. Kina da sukari?"

Mama ta buɗe baki za ta yi magana. Sai Ƙwallo ya yi tari.

Duk taurin Mama, ba ta iya jin tarin yaro ta zauna. Ta yaye bargon ƙafarta.

"Miƙo shi nan. Kin tsaya kina kallona kamar gunki! Ɗora ruwa, ki kawo man shafawa da zuma. Ɗa na kowa ne, ba don uban ba."

Ai kuwa na ruga kicin har ina tuntuɓe da kujera.

Kafin azahar gidanmu ya koma kasuwa. Rediyo ta warware ƙullin jan ulu ta zagaye ƙafafun tebur da shi, wai gidan gizo take yi. Ƙwallo ya sa safar Mama a hannu yana bin kowa yana gurnani. Sun hura gilashin taga sun zana fuskoki da yatsa. Sun sha madara mai ɗumi, rabi a ciki rabi a tabarma. Safa ɗaya ta ɓace, aka tashi gidan gaba ɗaya, ashe tana cikin butar shayi. Sau biyu na kama Mama tana danne dariya, sau biyun tana ganina ta haɗe rai.

Na fara cewa a raina, to, Allah ya kawo sauƙi.

Sai ɗaki ya yi ɗumi, Mama ta zuge wa Ƙwallo babbar rigarsa ta sama. Suwaitar da na saƙa masa bara ta bayyana, shuɗiya mai farin layi.

Suwaitar ta ƙanƙance, ta dunƙule, ta yi tauri kamar tabarmar ƙofa. Hannun ko wuyan hannunsa bai kai ba.

Mama ta murza gefen da yatsa biyu.

"Wa ya dafa wannan?"

"Baba ne!" Rediyo ta amsa da alfahari. "Da tafasasshen ruwa yake wankewa. Ya ce don ƙwayoyin tari su mutu."

"Ulu? A tafasasshen ruwa?" Mama ta juyo gare ni, idonta ya ƙanƙance. "Kin gani ko? Gani ya kori ji. Aikin sati biyu ya kashe a tukunya. Mutumin da bai san wankin rigar ɗansa ba, me kike tsammani yake jira? Ke yake jira, ki zo ki ɗauka."

Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na ji haushin ulun ma.

Daidai nan aka yi hon a waje.

*

Mai Kanti ne, da wata doguwar kwat baƙa mai sheƙi da leda biyu na tsaraba. Ya gaida Mama cikin ladabi, ya miƙa mata sabon bargo mai laushi, ya ce kar sanyi ya taɓa masa uwa. Mama ta washe baki tana sa albarka.

Sai idonsa ya sauka kan yaran.

"Baƙi muka yi?"

"'Ya'yan maƙwabta ne," Mama ta yi saurin cewa.

"'Ya'yan Baba ne," Rediyo ta gyara mata. "Baba zai auri Anti. Ni zan riƙe mata jaka."

Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma can ƙasan raina kamar in ɗaga yarinyar nan in yi ta juyi da ita.

Mai Kanti ya yi dariyar yaƙe ya zauna. Na kawo masa shayi. Ƙwallo kuwa, da bai san baƙo ba, ya gangaro ya dafa gwiwarsa yana leƙen kofin. Ya ɗaga kai, ya buɗe baki.

Atishawa! A kan kwat ɗin nan mai sheƙi.

Bawan Allah ya zabura ya ja baya da sauri, gwiwarsa ta ture yaron, kofin ya tuntsure. Shayin ya sauka a ƙirjin Ƙwallo.

"Innalillahi!" Ni da Mama muka yi kan yaron tare.

Allah ya taimaka shayin ya sha iska, kuma suwaitar nan mai tauri ta tare shi. Tsoro ne kawai ya sa yaron tsala ihu. Mai Kanti yana ta "Sannu, sannu, yi haƙuri," amma hankicinsa a kan kwat yake.

Mama ta ga wannan.

"Cire masa rigar kar sanyi ya shige shi," ta ce min.

Da ƙyar na zare ta ta kansa. Na naɗe shi a sabon bargon ina jijjiga shi, na jefa wa Mama suwaitar.

To, Mama tana da wata ɗabi'a da duk wanda ya koyi saƙa a hannunta ya sani. Ba ta taɓa riƙe saƙaƙƙen abu ba tare da ta juya cikinsa waje ba. Ko a kasuwa ne, ko a gidan mutane. Takan ce waje na mai saye ne, ciki ne ke faɗin wanda ya yi aikin. Hannunta ne ya juya suwaitar, ba da saninta ba ma.

Sai na ga ta tsaya cak.

"Auta. Zo nan. Ke kika yi wannan?"

Na matso da Ƙwallo a kafaɗa.

A zagayen wuyan, ta ciki, an shimfiɗa wani farin ƙyalle mai laushi, an ɗinke shi. Haka a bakin hannuwa biyu. A ƙarƙashin hammata kuma an tsaga an ƙara wani yanki don rigar ta buɗe. Ɗinkin layi biyu ne a jere, da zare mai kauri, kowane taku daidai da ɗan'uwansa. Na san ɗinkin nan. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar mota ya san shi.

"Ba ni ba ce," na ce.

"Baba ne," Rediyo ta ce, bakinta cike da burodi. "Ulun yana sa wuyan Ƙwallo ƙaiƙayi har ya yi jini. Sai Baba ya yanka singiletinsa. Guda biyu ya yanka, har da tawa rigar ya yi wa, kin gani? Da rigar ta matse kuma ya buɗe ta. Ya ce kar mu faɗa wa Anti, wai za ta ji ba daɗi, za ta ce saƙarta ce ba kyau." Ta toshe baki da hannu. "Laa! Na faɗa."

Mama ta bi ɗinkin da babban yatsa, a hankali, tun daga farko har ƙarshe. An naɗe bakin ƙyallen ciki don kar ya goge fata. An ɓoye ƙullin zaren a wajen da ba zai taɓa wuya ba.

"Wa yake yi muku wanka?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Baba. Yana ɗumama tawul a kan hita tukuna."

"Wa ya yi miki wannan kitson?"

"Baba. Ya karkace ko? Da igiyar kujera ya koya."

"Lambar takalmin ƙaninki nawa?"

"Ni ban sani ba. Baba ya sani. Yana auna ƙafarmu a kwali duk wata, yana ratayewa a shago."

Mama ta ajiye suwaitar a cinyarta, kan ulun nan ruwan toka. Ta juya fuskarta wajen taga. Ina ganin kafaɗarta tana motsi.

Mai Kanti ya yi gyaran murya, ya ce yana da kaya da za a sauke a kanti, zai dawo. Mama ta ce ya gaida mahaifiyarsa. Ba ta ce ya dawo ɗin ba.

*

La'asar na yi Kawu ya iso, ya naɗe kai da wuya da rawani biyu, ido kaɗai ake gani. Bai gama zama ba Rediyo ta haye cinyarsa tana tambayarsa ina ya kai haƙoransa.

Ni ina bakin taga. Tun tafiyar Mai Kanti Mama ba ta ce min uffan ba. Ban san me ta yanke ba. Na san dai mace ce da in ta furta abu ba ta lashe shi.

Sai na hango shi. Ya tsaya a tsallaken titi, nesa da ƙofarmu, ya cusa hannuwa a hammata yana taka ƙasa don sanyi. Rigarsa 'yar shara-shara ce. Ya turo min saƙo a waya: "Na gama. Ki miƙo min su, ba zan matso ba."

Mama ta ga inda nake kallo. Ta miƙe, ta ɗauki suwaitar, ta fita ko mayafin kirki ba ta yafa ba.

Na bi ta a guje. Kawu ya biyo ni, Rediyo ta biyo Kawu.

"Kai!" Mama ta kira daga bakin ƙofa. "Tsallako."

Ya tsallako, ya durƙusa a kan siminti mai sanyi, kansa a ƙasa.

"Barka da yamma, Mama. A yi min afuwa. Ban aiko su ba, wallahi, kuma ba za a sake ba."

Ta miƙa masa suwaitar a juye, daidai hancinsa.

"Kai ka yi wannan?"

Ya dubi ɗinkin, ya saci kallona, kunya ta rufe shi.

"Ni ne, Mama. Na san na ɓata aikin. Ba ni da ƙaramar allura, da ta kujera na yi."

"Wa ya ce maka ana dafa ulu?"

"Ba kowa. Tarin ne ya ƙi tafiya, na ce ko a rigar yake."

"Rashin sani! Ruwa mai ɗan ɗumi ake sawa, a matse a tawul, a shanya a kwance. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Mama."

"Maimaita."

Ya maimaita, kalma bayan kalma, kamar ɗan aji ɗaya. Kawu ya juya baya yana tari, amma ba tarin mura ba ne.

"In na ba ka 'yata," Mama ta ce, muryarta ta sauko, "wa zai ci gaba da ɗumama tawul ɗin?"

Ya ɗago kai a karon farko. Idonsa ya cika.

"Ni, Mama. Aikina ne, tun kafin in san ta. Ba hannu nake nema ba, ina da biyu. Ita nake so."

Na toshe bakina da mayafi. Hawaye yana zuba, dariya tana neman ƙwace min.

Mama ta dube shi. Ta kalli 'yar rigar jikinsa, wadda iska ke kaɗawa, babu komai a ƙarƙashinta.

"Ka yanke singiletinka ka zauna a haka. To wa zai riƙe su in kai ka kwanta? Tashi ka shigo, kana sa min sanyi a gida."

Ya shigo yana taka ƙasa kamar mai tsoron ta fashe. Ƙwallo ya fito daga bargo ya maƙale masa a ƙafa.

Kawu ya zauna ya gyara rawani. "To, Yaya, na zo jin ta bakinki."

Mama ta buɗe akwatin allurarta, ta zaro tsohon tef ɗin da na shekara bakwai ban ga ta warware ba.

"Juya bayanka," ta ce wa Mai Kujeru. "Miƙe sosai. Buɗe hannu."

Ta ɗora tef daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Ta duba, ta matso da shi kusa da ido ta sake dubawa. Ta waiwaya ta kalli ulun nan ruwan toka, ta ja tsaki.

"Shida ba za su isa ba. Wannan kafaɗar ta fi wadda na yi wa lissafi. Auta, gobe da safe ki ƙaro biyu."